Ra'ayinmu: Ayarin Alfarma Zuwa Ƙetare Da Matasan Gida

Da zarar dogon hutun makarantu ya ƙarato, sai tallace-tallacen kamfanonin shirya tafiye-tafiye su cika wayoyin ma'aikata a Abuja: kwana goma a Turai, mako guda a jirgin ruwa kan Kogin Nilu, zagayen biranen Andalus, ko Istanbul da kewayenta. Mafi tsada a cikinsu shi ne ayarin alfarma, wato tafiyar da kamfani ke haɗa baƙi rukuni guda, ya kama musu manyan otal-otal, ya tanadi motar safa da abinci da tikitin shiga wurare, sannan ya haɗa su da madugu wanda zai kasance tare da su tun daga filin jirgi har ranar komawa. Darakta ko hadimin minista da ya shekara yana fita da sassafe yana dawowa bayan isha'i, yana kuma jin nauyin cewa 'ya'yansa suna girma bai zauna da su ba, zai iya ɗaukar wannan a matsayin hanyar biyan bashin da ke kansa. Abin tambaya shi ne ko irin wannan tafiya ta dace da iyalin da ke da matasa 'yan shekara 13 zuwa 18. Ra'ayin wannan jarida shi ne, a yadda aka saba tsara ta, ba ta dace da su ba, sai idan an cika wasu sharuɗɗa.

Tafiya cikin ayari tana da daɗaɗɗen tarihi da amfanin da ba a musunsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san darajar madugu uban tafiya, wanda ya san zango, ya san mashigin ruwa, ya kuma san sarakunan hanya. A Ingila kuwa, Thomas Cook ne ya mayar da abin sana'a, lokacin da ya kwashi mutane kusan 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a 1841, kowa a kan sule guda. Zuwa 1869 yana kai ayari Masar da Falasɗinu. Abin da ya sayar a wancan zamani shi ne dai ake sayarwa yau, wato sauke wa matafiyi nauyin yanke shawara. Wani ne zai nemi masauki, ya yi ciniki da direba, ya yi tafinta, ya kuma tsaya a layi. Duk wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umara ko ziyarar Ƙudus cikin rukuni ya san irin kwanciyar hankalin da wannan ke kawowa a ƙasar da mutum ba ya jin harshenta.

Akwai ma wuraren da ayari ya fi mai tafiya shi kaɗai samun sauƙi ƙwarai. Fadojin sarakunan Nasiriyya da ke cikin Alhambra a Giranada, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492, ba a shigarsu sai da tikiti mai ɗauke da sa'ar shiga, kuma a lokacin cunkoso tikitin kan ƙare tun makonni kafin ranar. Kamfani mai tsari ya riga ya tanadi nasa. Ɗan jagora masani zai iya tsayawa a Kwarin Sarakuna da ke Luksor ya bayyana yadda Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a 1922, ta yadda yaron da ya gaji da darasin tarihi a aji zai buɗe baki yana saurare. Ga uwar da za ta yi tafiya ita kaɗai da 'ya'ya uku, samun wanda zai ɗauki ɗawainiyar kaya da mota da asibiti idan wani ya kwanta ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Matsalar tana ga wanda aka ɗinka wa rigar. Ayarin alfarma na yau da kullum an tsara shi ne domin manya, galibi ma'aurata masu shekaru da waɗanda suka yi ritaya, domin su ne ke da kuɗi da lokaci a tare. Komai na tafiyar yana bin bukatarsu: doguwar liyafar dare mai kwano huɗu, bayani mai tsawo a gaban zane-zane, ziyarar gonar inabi, da hira mai natsuwa a cikin mota. Su kansu kamfanonin sun fahimci haka, shi ya sa manya daga cikinsu suka ware wa iyali tafiye-tafiye na daban. Kamfanin Tauck na Amurka yana da sashen da ya kira Tauck Bridges, kamfanin Disney ya buɗe Adventures by Disney a 2005, Abercrombie & Kent ma yana da jerin tafiye-tafiyen iyali. Da a ce ayarin manya yana wadatar da yara, da babu kamfanin da zai kashe kuɗi ya ƙirƙiro wani. Abin takaici, da yawa daga tallan da ke yawo a nan gida ba sa bambance wannan, sai dai a rubuta cewa ana maraba da iyali.

A dubi yadda yini guda yake a irin wannan tafiya. Ana bukatar akwatuna a bakin ƙofar ɗaki wajen ƙarfe bakwai na safe, mota ta tashi ƙarfe takwas, kuma ba ta jiran kowa domin akwai sa'ar shiga da aka riga aka biya. Likitocin da suka ƙware kan barci sun daɗe suna bayyana cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin sa'o'i 8 zuwa 10, kuma da balaga agogon jikinsa kan ja baya, barci ya ƙi zuwa da wuri, tashin safe ya yi wuya. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. Yaron da ya fito daga makarantar kwana inda ƙararrawa ke tashinsa da asuba tsawon zango uku, sai ya tarar hutun da aka kashe miliyoyi a kansa shi ma da ƙararrawarsa. Abin da iyaye za su ɗauka taurin kai ne ko rashin godiya, sau da yawa gajiya ce kawai, amma ita ce za ta haddasa faɗa kowace safiya a gaban baƙi.

Sai kuma saurin tafiyar. Tallan da ya yi alƙawarin ƙasashe biyar cikin kwana goma yana faɗin gaskiya, sai dai bai faɗi cewa rabin kwanakin a kan kujerar mota za a yi su ba. Daga Rum zuwa Benis ya haura kilomita 500, wato ya fi nisan Abuja zuwa Kano. Babban mutum zai iya jin daɗin kallon tsaunuka ta taga yana gyangyaɗi. Matashi kuwa zai sa abin jin sauti a kunne ya duƙufa kan wayarsa, abin da zai iya yi a falon gidansu da ke Gwarinpa ba tare da an sayi Yuro ko ɗaya ba. Idan an isa gari, a ba da sa'a biyu a dandali, a ɗauki hoto, a koma mota. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin da ake yi a guje ba ya zama a zuciya. Bayan wata guda yaron ba zai iya tuna wace majami'a ce a wane birni ba.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne abin da shekarun samartaka suke bukata. Lokaci ne da yaro ke koyon tsayawa da ƙafarsa: ya karanta taswira, ya sayi tikitin jirgin ƙasa da kansa, ya yi kuskuren tasha ya gyara, ya lissafa canjin kuɗi, ya tambayi baƙo hanya cikin ladabi da harshen da bai iya sosai ba. Wannan ne ilimin da ake nufi idan an ce tafiya mabuɗin ilimi. Ayarin alfarma kuwa kuɗinsa gaba ɗaya na kawar da waɗannan abubuwa ne daga gaban matafiyi. Abin da ya zama hutu ga babban sakataren da ya gaji da sa hannu a takardu, shi ne ke raba ɗansa da darasin da ya fi kowane amfani a tafiyar. Yaro ya je Turai ya dawo bai taɓa riƙe fasfonsa ba, bai san kuɗin burodi ba, bai yi magana da kowa ba sai ma'aikacin otal da aka biya domin ya yi masa murmushi. A gidajen da dama can direba da mai aiki ke yi wa yara komai, wannan ƙari ne a kan ciwon da ake da shi.

Haka nan batun sa'o'i. Yarinya 'yar shekara 15 da ta sami kanta ita kaɗai a cikin mutum talatin da suka girmi iyayenta za ta yi kwana goma tana gaisuwa da sunkuyar da kai. Tarbiyyarmu ta koya mata kada ta tsoma baki a hirar manya, don haka za ta yi shiru, iyaye su ɗauka ta natsu, alhali kaɗaici ne ke cin ta. Su ma sauran matafiyan sun biya kuɗi mai yawa domin samun natsuwa, kuma ba kowannensu ne zai yi haƙuri da 'yan'uwa biyu masu cacar baki a kujerar baya ba. Iyayen sai su koma masu gadi, suna harara suna tsawa, hutun da suka zo nema ya gagara.

Lokacin tafiyar ma yana da nasa cikas. Dogon hutunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da kudancin Turai ke cikin tsananin zafi da cunkoso. A Kurɗuba da Sebil zafi yakan haura digiri 40 a waɗannan watanni, haka ma Luksor da Aswan a Masar. Kada a ce ai mun saba da zafi, domin a gida babu mai yawo a ƙasa cikin kufai da tsakar rana sa'o'i uku a jere. Ga ɗalibin ajin ƙarshe kuma, jarrabawar WAEC da NECO suna cinye watannin Mayu zuwa Yuli, sakamako da tantancewar shiga jami'a kuma su biyo baya. Ayari yana da ranar tashi da ba ta motsi, jami'a kuma ba ta tuntuɓar kamfanin yawon buɗe ido kafin ta sa ranar tantancewa.

Iyali Musulmi suna da ƙarin tambayoyi da ya kamata su yi tun kafin su biya ko kwabo. Abincin da aka haɗa cikin kuɗin ayari a Sifaniya ko Italiya yakan ƙunshi naman alade da giya, domin suna cikin abin da ake tallata wa sauran baƙi. Kamfani zai iya musanya wa mutum da kifi ko ganye idan an sanar da shi da wuri, amma kuɗin ba ya raguwa. Jadawalin mota bai san azahar da la'asar ba, balle Juma'a. Wanda ya kai 'ya'yansa babban masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785, ya kamata ya gaya musu tun daga gida cewa ginin ya zama majami'a tun 1236 kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Irin wannan bayani nauyin uba da uwa ne, kuma yana bukatar zama da hira, abin da jadawali mai gudu ba ya bari.

Batun kuɗi kuwa, matashi babba ne a wurin biya. Kamfanonin jiragen sama suna daina rangwamen yara da zarar an cika shekara 12. Kuɗin bizar Shengen ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma rabin kuɗi na 'yan shekara 6 zuwa ƙasa da 12 ne kawai. Yawancin ɗakunan otal a Turai na mutum biyu ne, don haka iyali mai mutum biyar, musamman idan akwai saurayi da budurwa da ba za a haɗa ɗaki ɗaya ba, sai sun kama uku. Abin lura kuma, gidan tarihi na Louvre a Faris da dandalin Kolosiyam a Rum ba sa karɓar kuɗin shiga daga 'yan ƙasa da shekara 18, amma a dunƙulallen farashin ayari da wuya iyaye su ga inda wannan sauƙi ya shiga. A ƙaddara kujera ɗaya dala 5,000 ce ban da jirgi, wanda ba abin mamaki ba ne a wannan aji na tafiya. Mutum biyar dala 25,000 ke nan. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, an tashi naira miliyan 37 da rabi, wato albashin fiye da shekara 44 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Ga mai fasfon Najeriya akwai haɗarin da tallan ba ya ambata. Kamfanoni kan bukaci cikon kuɗi wata biyu zuwa uku kafin tashi, kuma abin da ake mayar wa wanda ya fasa yana raguwa yayin da ranar ke matsowa, har ya kai ba a mayar da komai. Ofishin jakadanci kuwa ba ya bin wannan jadawali. A 2023 da 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na bukatun bizar Shengen da aka shigar daga Najeriya an ƙi amincewa da su, kuma ba a mayar da kuɗin nema. Duk yaron da ya kai shekara 12 sai ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa, sannan idan da mahaifi ɗaya zai yi tafiya ana neman takardar amincewar ɗayan. Ana iya bai wa uwa da uba a hana ɗa ɗaya, tafiyar gaba ɗaya ta rushe. Girman sunan kamfani ma ba garkuwa ba ne. Kamfanin Thomas Cook da kansa ya durƙushe a watan Satumban 2019 bayan shekara 178, sai da gwamnatin Birtaniya ta yi jigilar 'yan ƙasarta kusan 150,000 zuwa gida. Ɗan Najeriya da ya biya ta hannun dillalin da ba shi da rajista ba shi da irin wannan gata.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta shafi masu karatunmu kai tsaye, wato inda kuɗin zai fito. Sakin layi na 6 na ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati nema ko karɓar wata dukiya ko alfarma, domin kansa ko domin wani, saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Ya kuma tanadi cewa kyautar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati za a ɗauke ta a matsayin saɓa doka har sai an tabbatar da akasin haka. Tikitin jirgi da ɗakin otal na 'ya'ya suna cikin wannan, ko da an lulluɓe su da sunan kyautar hutu ga yara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka nan kuɗin guzurin tafiyar aiki na aiki ne, kuma dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai da kuɗin gwamnati na wata uku da Shugaba Tinubu ya yi daga Afrilun 2024 ya nuna yadda ido ke kan wannan fanni. Matasa suna da lissafi. Ɗan shekara 16 ya san matakin albashin mahaifinsa, ya kuma iya duba farashin otal a wayarsa. Darasin da zai ɗauka daga tazarar da ke tsakanin biyun zai daɗe a ransa fiye da duk abin da ɗan jagora ya faɗa. Cin bashin asusun gama kai na ofis domin hutun kwana goma, alhali kuɗin makarantar Satumba yana jira, shi ma ba dabara ba ce.

Ga iyalin da Allah ya hore wa halaliyarsu kuma suka fi son ayari, ga abin da muke ganin ya kamata su tabbatar a rubuce. Tafiyar ta kasance wadda aka ware wa iyali, a kuma nemi kamfani ya faɗi adadi da shekarun matasan da suka riga suka yi rajista a wannan ranar tashi. A ƙirga dararen da za a yi a kowane gari, duk jadawalin da ke sauya otal kusan kullum a bar shi. A duba ko akwai yammaci ko yini da babu komai a cikinsa, da kuma abin da ake yi da hannu ko da ƙafa, kamar tuƙa keke, koyon girki ko shiga kwalekwale. A san tsarin abinci da damar ibada. A karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan an hana biza, a shigar da neman bizar da wuri tunda ana karɓa tun wata shida kafin tafiya, a kuma tabbatar dillalin yana da rajista da ofishin da za a iya zuwa a same shi. Kafin duk wannan, a zaunar da yaran a nuna musu jadawalin, a ji ta bakinsu da gaske.

Amma shawarar da muka fi karkata gare ta ita ce a rage ƙasashe a ƙara kwanaki. Iyali su zaɓi birni ɗaya ko biyu, su zauna mako guda, su ɗauki ɗan jagora na kansu na yini ɗaya ko biyu domin wuraren da ke bukatar masani, sauran kwanakin kuma a raba wa yaran. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum daga Madrid zuwa Kurɗuba cikin kimanin sa'a biyu, daga Rum zuwa Fulorans cikin sa'a ɗaya da rabi, kuma ɗan sakandare zai iya sayen tikitin a intanet. A ba babbar 'ya kasafin yini guda ta tsara inda za a je da abin da za a ci, a ba ƙanenta washegari. Za a ɓata hanya, za a ci abincin da bai yi daɗi ba, kuma waɗannan ne labaran da za a riƙa tunawa ana dariya shekaru masu zuwa. Wanda ƙarfinsa bai kai Turai ba, ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza daga ɗan Najeriya, kuma gidan bayi na Elmina a Ghana ko tsibirin Gore a Senegal suna da darasin da ya isa ya girgiza zuciyar kowane matashi. Abin da yaro ke nema a wurin mahaifin da aiki ya ɗauke shi ne lokacinsa da kunnensa. Ma'aikacin da ya ɗauki hutunsa na shekara cikakke, ya rufe wayar ofis, ya bar 'ya'yansa su ja gaba a wasu kwanakin, ya fi kusa da biyan bashin da ke kansa fiye da wanda ya saya musu kujera mafi tsada a motar da wani ke tuƙawa.